Albasar Ɗalhatu a Tekun Doha

An yi wani Ɗalhatu, kuma har gobe ana haifar irinsa, sai dai Allah ya raba mu da haɗa hanya da su.

Mutumin Gumel ne, ƙato, ga gemu ga tumbi, maigadi a wani wurin shaƙatawa na bakin teku a Doha. Aikinsa bai wuce ya ɗaga sandar get ya sauke ba. Amma bakinsa ba ya zuwa hutu. Shekara uku yana ƙasar, shekara uku yana gaya wa duk wanda ya yi kuskuren tsayawa kusa da shi cewa shi jikan wani sarkin ruwa ne a ƙasar Yawuri, wai kakansa in ya yi gyaran murya a bakin Kwara, kadoji fitowa suke su yi layi. Gaskiyar magana kuwa, sau ɗaya tak ya taɓa zuwa Yawuri, yana yaro, ya raka kawunsa sarin albasa. Aka saka shi a kwale-kwale, ya kwanta rub-da-ciki a kan buhunan albasa, ya runtse ido, bai buɗe ba sai da aka ce an iso. Iyakar iliminsa na ruwa ke nan, babu ƙari.

Daga bakin get ɗinsa yana hango baƙi suna shiga wasu 'yan siraran kwale-kwalen roba da ake kira kayak, kowa ya cusa ƙafafunsa cikin rami, riƙe da filafili mai kai biyu. Kullum sai ya yi tsaki ya ce, "Dubi manya suna wasa da kwanon wanki."

Shekarar da aka yi manyan wasannin nan na Asiya a Doha, garin duk ya ruɗe da guje-guje da tsalle-tsalle. Mudir, wato Balaraben da ke shugabantar wurin, shi ma abin ya shige shi. Ya tara ma'aikata ya ce zai yi tasa gasar: tseren kayak, mutum bibbiyu, daga bakin yashi zuwa wata jar ganga da aka ɗaure can cikin teku, a zagayo ta a dawo. Biyun da suka fara isowa, kowanne tikitin jirgin sama zuwa gida da dawowa, da hutun wata guda. Ga Babbar Sallah saura makonni, ga Ɗalhatu rabonsa da Gumel shekara uku.

Mudir bai rufe baki ba Ɗalhatu ya ce, "Khalas. An gama."

A ranar ya kira Inna, mahaifiyarsa, ya ce a share masa ɗaki, a gaya wa dangi da shi za a yi Sallah. Ya shiga tsofaffin shagunan Al Asmakh ya cika jakunkuna biyu da atamfofi da turare da dabino, har ya sayi kwaɗo ya kulle. Mutum bai ko taɓa jirgin da hannunsa ba.

Su shida ke kwana a ɗaki ɗaya a unguwar Bin Omran. Cikinsu akwai Muttaka, direban bas ɗin ma'aikata, wani siriri ɗan Funtuwa. Shi Ɗalhatu ya tare bayan la'asar.

"Muttaka, ka taki sa'a. Kai na zaɓa."

"Ni? Alhaji, ni da ko a baho ban iya iyo ba?"

"Wa ya ce ka yi iyo? Zama kawai za ka yi kamar amarya a mota. Ni ne injin."

"Injin da ke haki in zai hau gadon sama?"

"Wannan hakin tudu ne. A ruwa jinina ke tashi."

Muttaka ya san ƙaryar Ɗalhatu, amma shi ma ya daɗe bai ga 'ya'yansa ba, sai ya ce a ransa ko da kashi ɗaya cikin goma na zancen gaskiya ne, ai ya isa a zagayo ganga. Ya yarda. Kwaɗayin gida ne ya ja shi, Allah sarki.

Hananiya, mai gyaran wutar lantarki, yana gefe yana ɗinke takalminsa. Mutumin Numan ne, a bakin Binuwai ya tashi, kuma ba shi da yawan magana. Shi da Moro mai dafa abinci, ɗan zangon Kumasi, suka haɗa nasu jirgin.

Hananiya ya ce, "Malam Ɗalhatu, teku fa ba kogi ba ne. Gobe da yamma Koci zai fara koya wa kowa. Mu je tare."

"A koya wa wa?" Ɗalhatu ya dafa ƙirji. "Hananiya, Binuwan nan taku ai kwata ce in aka jera ta da Kwara. Kai je ka a koya maka. Ka gaishe min da Kocin."

Kowa ya tafi wurin Koci, wani gajeren ɗan Filifin da ke kula da jiragen. Ɗalhatu kuwa ya buɗe tasa makarantar a kan gadon sama. Ya zauna gaba da sandar goge ƙasa, ya zaunar da Muttaka a baya da tsintsiya.

"Ɗaya, biyu! Ɗaya, biyu! Ga kada nan a hagu, kauce!"

"Alhaji, babu kada a teku."

"Akwai 'yan'uwanta. Tuƙa!"

Ranar farko suka fasa ƙwan lantarki. Rana ta biyu suka lanƙwasa hannun fanka, ta koma tana kuka kamar tsohuwar akuya. Rana ta uku gadon ya gaji da su, ya rufto kan Abdul-Ganiyu, bawan Allah da ke barcinsa a gadon ƙasa bayan ya sauko daga aiki. Ya fito da rarrafe yana tambaya ko an busa ƙaho ne. Aka rufe makaranta.

Da Ɗalhatu ya ga 'yan ɗaki sun fara yi masa kallon banza, sai ya ce ranar Juma'a zai nuna musu aiki a cikin ruwan gaske. Da safe ya aro jirgi, Muttaka ya kai su wata gaɓa a bayan gari inda ruwa ya cika taf har bakin duwatsu. Ɗalhatu ya kafa turke ya ɗaure jirgin, ya dubi tekun ya ce, "Jira ni." Suka koma gari, aka yi sallar Juma'a, aka ci shinkafa, sannan ya cika bas da 'yan kallo.

Suka iso, babu teku.

Jirgin na nan ɗaure a turkensa, zaune a kan laka, 'yan ƙaguwoyi na zagaya shi. Ruwan kuwa can da nisa yake ƙyalli, kamar an shimfiɗa kwano a rana.

Muttaka ya ce, "Alhaji, ina tekun?"

"Nan na bar shi."

"To wa ya ɗauke?"

Ɗalhatu ya dubi gabas ya dubi yamma, ya shafa gemu. Can ya ce, "Ruwa ya san jini. Ya ji labarin wanda ke tafe, ya matsa."

Hananiya ya ce, "Haka yake yi kullum, ya tafi ya dawo. Shi ne abin da Koci ya fara faɗa mana."

"Kai dai komai Koci. Muttaka, kama can. In ya ƙi zuwa, mu ma je."

Suka ɗauki jirgi a ka suka shiga laka. Taku goma, laka ta cinye takalmin Ɗalhatu na dama. Taku ashirin ta karɓi na hagu, sabon takalmi, fata mai kyau. Suna tafiya yana zubar da gumi yana zagin laka da iyayenta. Da ƙyar suka kusa kai wa ruwan, sai ga shi ya fara dawowa, a hankali, yana lasar musu idon sawu. Ɗalhatu ya ji sanyi ya kai masa ƙwauri. Ya ji ya kai gwiwa. Ya saki nasa ɓangaren jirgin a kan Muttaka ya juya da gudu, tumbi na gaba yana bin sa, yana faɗuwa yana tashi. Muttaka ya ga injin ya gudu, shi ma ya jefar ya bi baya.

Suna zaune a kan duwatsu suna haki, baƙi ƙirin da laka, sai ga jirgin ya iso gaɓa da kansa, lafiya lau, babu kowa a ciki.

Moro ya ce, "To ga shi. In kun bar shi shi kaɗai ya fi tafiya."

Ɗalhatu ya ce, "Gwada shi nake. Ya ci jarrabawa."

Mai hankali da nan zai tsaya. Shi kuwa sai ya zauna ya yi tunani, kuma tunanin nan shi ya ƙarasa shi.

Ranar tsere aka tashi da iskar arewa mai ƙarfi, wadda Larabawa ke ce wa shamal. Tekun da ke kwance kamar tabarma ya tashi tsaye, igiyoyin ruwa na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna fashewa a bakin yashi da farin kumfa. An kafa rumfa, Mudir da baƙinsa na zaune, an ajiye musu wani ƙaton faranti na shinkafa da rago guda a kwance a kai. An ja jan ƙyalle a bakin yashi don wanda zai fara isowa. Liatu, nas 'yar Kafanchan, tana gefe da akwatin magani da kyamara a wuya.

Ɗalhatu ya iso da babbar riga ta farar shadda da hula mai aiki, wai saboda hoton karɓar tikiti. Ya ja Muttaka bayan ɗakin ajiya ya nuna masa gyaran da ya yi wa jirginsu tun da hantsi.

Muttaka ya dubi ƙasa ya ce, "Inna lillahi. Ina filafilan?"

"Ga su nan. Da biyu ne, yanzu huɗu." Ya ɗaga zarto. "Filafili mai kai biyu almubazzaranci ne. Ka taɓa ganin ludayi mai baki biyu? A Yawuri kai ɗaya ake yi. Kowa ya riƙe ɗaya, biyu na ajiya."

"Wannan warin fa?"

Ɗalhatu ya buɗe murfin ma'ajin kaya na gaban jirgin. Albasa. Ya buɗe na baya. Albasa. Inda za a sa ƙafa ma albasa ce, buhu da rabi cif, daga ɗakin ajiyar Moro.

"A Yawuri ba a tura jirgi ruwa babu albasa. Ita ke danne shi. Da idona na gani, jirgi cike da ita, ko girgiza bai yi ba."

"Me ya sa sai albasa? Dutse fa?"

"Ruwa na tsoron yajinta. Ba ka ga yadda take korar ruwa daga ido ba?"

"Moro ya sani?"

"Zai sani."

Abincin mutane na mako biyu, a ɗauka a cusa a kwale-kwale. Wannan ko a gidan mahaukata ba a yi.

Koci ya zo yana raba kaya. Ya ba kowa rigar hana nutsewa, sannan ya ba kowa wani abu na roba mai kama da siket. Mutum zai ɗaura a ƙugu, in ya zauna sai ya maƙala bakinsa a bakin ramin, don kada ruwa ya shiga jirgi. Ɗalhatu ya riƙe nasa da yatsa biyu.

"Mene ne wannan?"

Hananiya, wanda tuni ya ɗaura nasa, ya ce, "Siket ne. Sa, Malam. Yau ruwan nan babu wasa."

"Siket? Ni? Da gemuna? Ga Liatu can da kyamara. Hoto ya je Gumel a ce Ɗalhatu ya je ƙasar Larabawa neman halak ya ɓuge da ɗaura siket?"

Muttaka ya ce, "Ni dai zan sa."

"A jirgina? Ajiye. Maza ne a jirgin nan."

Rigar hana nutsewar ma da ƙyar, sai da Koci ya ce in ba a sa ba babu shiga. Ɗalhatu ya sa ta a ƙarƙashin babbar riga don kada ta ɓata hoto, ya fito kamar an naɗe firij da labule. Koci ya ga jirginsu ya yi nauyi a hannun mutum huɗu, ya buɗe baki zai yi tambaya, sai Mudir ya ɗaga hannu ya ce, "Yalla!" Aka busa usur.

Jirage takwas suka saita hancinsu tsaye cikin igiyar ruwa, kamar yadda aka koya musu, suka hau suka sauka suka wuce. Ɗalhatu ya ce, "Jahilci. Ruwa ba a yi masa gaba da gaba, a karkace ake yanka shi." Ya juya wa tekun gefen jirgi.

Igiyar farko ta zo ta kife su kamar an kife ƙwarya.

"La ilaha illallahu! Muttaka, ka yafe mini! Ka gaya wa Inna jakar mai shuɗi tata ce! Na tafi! Na tafi!"

Yana birgima yana dukan ruwa, babbar riga ta rufe masa kai. Muttaka na tsaye a kansa, ruwa iya gwiwa, riƙe da hularsa.

"Alhaji."

"Na tafi!"

"Alhaji, miƙe tsaye."

Ya miƙe. Rumfa ta kaure da dariya, wani Balarabe har yana buga cinya. Liatu ta danna kyamara. Ɗalhatu ya tofar da ruwan gishiri, ya ɗaga wa jama'a hannu ya ce, "Gaisuwa ce. Haka muke gaida ruwa." Ya tsince albasar da hannunsa ya kai, ya maida, wasu ma'aikata biyu suka ji tausayin Muttaka suka riƙe jirgin suka tura su tsaye har suka wuce inda ruwa ke fashewa.

Nan aka shiga sabon babi. Ɗalhatu na tuƙi a dama da rabin filafili, Muttaka ma a dama. Jirgi ya fara juyi.

"Alhaji, na ga rumfar Mudir."

"Tuƙa."

"Na sake ganin ta."

"Dabara ce. Ruɗa abokan gaba muke."

"Abokan gaba sun kusa ganga. Wannan karo na huɗu ke nan ina ganin rumfar."

"To koma hagu!"

Muttaka ya koma hagu. Ɗalhatu ma ya koma hagu. Jirgi ya ci gaba da juyi, amma ta ɗaya hannun. Kowace igiya ta zo sai ta zuba musu bokiti guda a cinya, tunda maza ne ba su sa siket ba. Ruwa ya kai musu cibiya. Albasar da aka ce za ta kori ruwa ta taso sama, ta fara fita ɗaya bayan ɗaya ta ƙarƙashin hammatar Ɗalhatu. Murfin gaban da bai rufu da kyau ba ya ɓalle, ta fito tuli. Kafin ka ce me, teku ya koma kamar tukunyar miya.

Muttaka ya jefar da filafili ya kama kwalfe ruwa da hular Ɗalhatu.

"Hulata! Aikin hannu ce!"

"Yau ta samu aikin yi."

Can sai ga Hananiya da Moro sun zagayo ganga, su ne a gaba, suna tafe tsaf, hannuwansu na tashi tare suna sauka tare. Filafilin Moro ya bugi wani abu. Ya duba. Ya sake dubawa.

"Hananiya, tsaya! Albasana ne! Wallahi albasana ne, na san shi!"

"Moro, tuƙa."

"Jiya na saye shi! Ɗalhatu! Ɓarawo!"

"Moro, Kumasi ko albasa?"

Moro ya cafke guda ɗaya ya cusa a riga, ya ci gaba da tuƙi yana zagi.

Ɗalhatu ya ga tikitinsa na wucewa a jirgin wasu. Ya ce, "Muttaka, juya, mu koma."

"Ganga fa? Ko rabi ba mu yi ba."

"Ta gan mu, mun gan ta. Ya isa."

Da ma jirgin juyi yake, sai da hancinsa ya dubi rumfa Ɗalhatu ya yunƙura ya miƙe tsaye, wai a Yawuri a tsaye babban matuƙi ke ba da umarni. Ya buɗe hannuwa zai yi magana. Iska ta shiga babbar rigar nan ta cika ta fam. A daidai lokacin wata uwar igiya ta taso ta bayansu, ta ɗaga jirgin sama, ta ɗora shi a kafaɗa, ta zura da gudu.

Abin da mutanen rumfa suka gani, har yau suna faɗa. Wani farin abu kamar tanti yana tafe a kan kumfa, albasa na tashi ta ko'ina, wani siriri a baya ya rungume jirgi yana karanta duk addu'ar da ya sani har da ta shiga banɗaki. Suka wuce Hananiya da Moro kamar an harba su. Ɗalhatu, da ya ga bai mutu ba, sai baki ya dawo.

"Ku ba jini hanya! Ku ba jikan..."

Jirgi ya hau yashi, ya tsinke jan ƙyalle, ya ci gaba, ya daki ƙafar rumfa ya tsaya cak. Ɗalhatu bai tsaya ba. Ya tashi sama, ya wuce kan baƙi biyu, ya sauka rub-da-ciki a farantin shinkafa, ya rungume ragon.

Ya ɗago, shinkafa a gemu, zabibi a gira, ya miƙa hannu.

"Mudir, tikiti."

Mudir ya sauke tabaran hangen nesan da ke hannunsa, ya kakkaɓe shinkafa daga farar rigarsa. Ya ce, "Ka je wurin ganga?"

"Ranka ya daɗe, na nufe ta."

"Ka je?"

"Niyya ai ita ce babba."

Muttaka ya rarrafo daga cikin jirgin, ya zauna a yashi ya ce, "Ranka ya daɗe, ko launinta ban gani ba."

Sai ga Hananiya da Moro sun iso, suka fito da siket ɗinsu, ko wandonsu bai jiƙe ba. Aka ɗauki tafi. Moro bai tsaya karɓar tafi ba, ya ciro albasar nan daga riga ya auna ƙeyar Ɗalhatu, bai kuskure ba. Koci kuma ya iso riƙe da guntayen filafili, yana haɗa biyu suna rabuwa, yana duban Ɗalhatu. Liatu ta zo ta taɓa nan ta taɓa can ta ce, "Babu abin da ya same ka, Malam. Ka dai sha teku kamar kofi uku. Ragon ne ya karye."

Mudir ya yi dariya har da hawaye, ya share, ya miƙa wa Hananiya da Moro takardunsu. Sannan ya daina dariya. Ya sa aka kawo kwando, ya nuna teku.

"Yalla. Duka. Kafin rana ta faɗi."

Haka Ɗalhatu ya tattare babbar riga ya ƙulle a ƙugu, ya shiga ruwa iya gwiwa yana tsintar albasa, duk igiyar da ta taso ya ruga tudu, ta koma ya koma. Baƙi suka gyara zama da shayinsu suna taya shi da baki. "Ga wata can!" "Bayanka, ya Ɗalhatu!" Moro na tsaye a bakin yashi da ludayi, duk wadda aka kawo sai ya shinshina.

Ana gobe Hananiya zai tashi, Ɗalhatu ya jawo jakunkunan nan biyu ya ajiye a gabansa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗan'uwa, tunda ta Kano za ka bi, ka daure ka leƙa Gumel. Ka ce wa Inna aiki ne ya riƙe ni. Ka ce Mudir ya ce in na tafi wurin rushewa zai yi."

"Malam, ni ba na yi wa tsohuwa ƙarya."

"To ka yi shiru."

"Wannan na iya."

Ɗalhatu ya yi Sallarsa a bakin get, yana ɗaga sanda yana saukewa. Hananiya ya yi Kirsimeti a Numan, ya biya Gumel washegarin Sallah, ya dawo Doha kumatunsa sun ciko. 'Yan ɗaki suka kewaye shi.

Ɗalhatu ya ce, "Ka yi shirun?"

"Ban ce uffan ba. Liatu ce ta saka hotuna a aljihun jakar, wai tsaraba."

"Hotuna nawa?"

"Duka. Inna ta duba su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta aika a kira maƙwabta."

Ɗalhatu ya zauna a bakin gado.

"An ware maka cinya guda da haƙarƙari tun ranar yanka," in ji Hananiya. "Ta ce wanda ya iso shi ke da nama. Kwana biyu ina ci, ta hana ni tafiya sai da na gama."

Ya buɗe jakarsa ya ciro wani ƙaton gwangwanin madara, ƙamshin soyayyen naman Sallah ya cika ɗakin. Ɗalhatu ya miƙa hannu biyu. Hananiya ya kauce.

"Na Muttaka ne. Ta ce a ba ɗan mutanen da ka kusa hallakawa, a ce ta ba shi haƙuri."

"Ni fa? Ni da na fito daga cikinta?"

"Kai saƙo ta bayar."

"Faɗi."

"Ta ce daga yau, in ka ga ruwa, ka yi alwala ka wuce."

Muttaka ya karɓi gwangwani, ya bi ɗaki ya ba kowa tsoka bibbiyu, Abdul-Ganiyu uku saboda gadon da ya faɗo masa. Da ya zo kan Ɗalhatu sai ya tsaya, ya dube shi, ya maida murfi ya danne.